Yadda kyamarar kwamfuta ta kwance mini harshe, da yadda za ka sa ta kwance naka

Shekara biyu na yi ina zuwa ajin Faransanci na yamma, sau biyu a mako, kuma in dai jarrabawar takarda ce ba na shakkar kowa. Na san sauye-sauyen fi'ili, na san namiji da mace a cikin sunaye, ina karanta labarin jarida in fahimci mafi yawansa. Ranar da aka haɗa ni da wani Bafaranshe a waya kan wata 'yar magana ta aiki, sai bakina ya mutu murus. Ya yi tambaya, na gane ta sarai, amsar tana nan a kaina a jere kamar an rubuta a allo, amma harshe ya ƙi ɗaguwa. Na yi ta "e... to... e..." har bawan Allah ya ji tausayina ya juya zuwa Turanci.

Da na zauna na yi lissafi sai na ga ba laifin malaminmu ba ne. Mu ashirin ne a aji, darasi kuma minti 90. Ko da malam ya yi adalci ya ɗauki rabi ya bar mana rabi, minti 45 za mu raba mu ashirin, kowa ya tashi da minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi. Sau biyu a mako, minti huɗu da rabi ke nan. Wanda yake taɓa sitiyari minti huɗu a mako, wa zai ba shi mota ya hau babban titi? Magana kuwa aikin gaɓoɓi ce kamar tuƙi. Leɓe, harshe, muƙamuƙi da numfashi sai sun saba, kuma ba sa sabawa da karatun zuci.

Wata masaniyar harshe a Kanada, Merrill Swain, ta lura da wannan tun 1985. Ta duba yaran da Turanci ne harshensu na gida, amma aka yi shekaru ana koyar da su darussan makaranta cikin Faransanci. Wajen fahimtar abin da suka ji ko suka karanta sun kusa kamo 'yan asalin harshen. Da an zo magana sai kurakuran nahawu su yi ta ɓullowa. Abin da ta fitar shi ne, ji kaɗai ba ya isa, sai an matsa wa mutum ya haɗa jimla da bakinsa. A nan ne yake ganin ramin da ke tsakanin abin da yake son faɗa da abin da ya iya faɗa.

Abin da ya taimaka mini cike wannan rami wani ɗan ido ne baƙi, bai kai maɓallin riga ba, a saman allon kwamfutata, wanda na daɗe da liƙe shi da takarda. Irin wannan kyamara ta farko a Jami'ar Kambirij ta Ingila aka kafa ta a 1991, aka saita ta kan tukunyar kofi don kada masu bincike su sha wahalar tattaki su tarar babu komai a ciki. A 1993 aka haɗa ta da intanet, ba a kashe ta ba sai 2001. Ka ga tun asali aikinta ɗaya ne, faɗin gaskiyar abin da ke gabanta. Wannan halin nata shi za mu ci moriyarsa.

Kafin ka danna komai

Ba sai ka sayi sabuwar kyamara ba. Wadda ta zo da kwamfutar tafi-da-gidanka, ko da mai matsakaicin ingancin hoto (720p) ce, ta wadatar. Wayar hannu ma in ka jingina ta da wani abu ta tsaya cak, aiki ɗaya za ta yi. Abin da ya fi ɓata hoto shi ne haske. Kada ka juya wa taga baya, domin kyamara za ta daidaita kanta da hasken tagar ta mayar da kai inuwa, ba a ganin leɓe balle haƙori. Fuskanci tagar. Da dare kuma ka ajiye fitila a bayan kwamfutar ta hasko fuskarka. Sai ka ɗora kwamfutar a kan littattafai uku ko huɗu har idon kyamara ya zo daidai da naka. Ni dai ƙamus ɗina na Faransanci, wanda ya fi kowane littafi kauri a ɗakin, a nan ya fi yi mini rana. In ka bar ta a cinya, ƙofar hancinka da silin ɗakinka abokin hira zai yi ta kallo. Nisanka da ita kamar tsawon hannu, yadda kai da kafaɗu za su shiga, hannuwa ma su samu wurin motsi.

Sauti ya fi hoto muhimmanci, nesa ba kusa ba. Hoto mai dishi-dishi ana jure masa, amma muryar da ke yankewa tana kashe hira, musamman ga mai koyo da ke farautar ƙarshen kowace kalma. Sa iyafis mai makirufo. In ka bar murya tana fita ta lasifika, makirufo zai sake kwashe ta ya mayar wa mai ita, manhajar kuma garin hana wannan amsa-kuwwa sai ta riƙa datse muryar ɗayanku duk sanda kuka yi magana tare. Na fi son iyafis mai waya a kan na Bluetooth, domin da yawansu da zarar makirufo ya fara aiki sai ingancin sautin ya faɗi. Kashe fanka, ko ka kawar da ita daga saitin bakinka. Ɗaki mai labule da katifa ya fi ɗakin da babu komai sai bango.

Kai kaɗai tukuna

Kuskuren da na fara yi shi ne rugawa neman baƙon da zan yi hira da shi tun ban san yadda bakina yake ba. Kada ka yi haka. Ka ba kanka mako biyu ko uku daga kai sai kyamara.

A Windows akwai manhajar Camera, a Mac akwai QuickTime Player da Photo Booth, duk suna ɗaukar bidiyo ba tare da intanet ba. Zaɓi ƙaramin batu: abin da ka yi tun safe, hanyar da kake bi zuwa wurin aiki, bayanin abin da ke kan teburinka, dalilin da ya sa ka fi son wani abu a kan wani. Ka ba kanka minti ɗaya ka rubuta kalmomi biyar ko shida, kalmomi kawai, ban da jimla. Da zarar ka rubuta jimloli to karatu za ka yi, kuma karatu ka riga ka iya. Sai ka danna ɗauka, ka dubi idon kyamarar, ka yi magana minti biyu ba tsayawa. Kalma ta ɓace maka? Zagaye ta. In ka manta sunan almakashi, ka ce abin nan mai baki biyu da ake yanka takarda da shi. Wannan zagayen shi ne rabin iya harshe, kuma ba a koyonsa in kana tsayar da bidiyo kana buɗe ƙamus. Masu shirin jarrabawar Turanci ta IELTS su lura, kashi na biyu na gwajin magana haka yake sak, minti ɗaya na shiri, har zuwa minti biyu na magana. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu sai wurin da mutane da yawa ke gudu, wato kallon abin da aka ɗauka. Ranar farko na kalli daƙiƙa ashirin na rufe kwamfutar. Muryar ta zo mini siririya kamar ta wani. Akwai dalili. Sanda kake magana, sautin yana isa kunnenka ta iska, yana kuma bi ta ƙasusuwan kanka, wanda ke ƙara masa kauri. Makirufo ba ya jin wannan na biyun. Muryar da ka ji a bidiyo ita ce mutane suka daɗe suna ji, kuma ba wanda ya taɓa guje maka saboda ita. Bayan kwana huɗu ko biyar za ka daina damuwa.

Sau uku nake kallon kowane bidiyo. Na farko nakan kawar da kai in saurara kawai, in tambayi kaina ko wanda bai san ni ba zai gane labarin. Na biyu sai in kashe sautin in zuba wa fuskar ido. A nan na gano duk sanda kalma ta ɓace mini sai in ɗaga ido sama in daskare, kamar mai ƙirga ƙusoshin silin, kuma bakina da kyar yake buɗewa, ina magana ta tsakanin haƙora. Na uku da biro a hannu, ina tsayarwa ina rubuta abin da na faɗa kalma da kalma, har da "e" da "to" ɗin. Wannan rubutun yana da gajiyarwa, minti biyu na magana kan ci minti goma sha biyar, don haka ba kullum nake yi ba, sau biyu a mako ya isa. Amma ba abin da ke tona asiri kamarsa. Kurakuran da da a takarda ne ba zan taɓa yi ba, ga su nan birjik da muryata.

Za ka ga kuskure goma ko fiye. Ɗauki biyu rak. Gyara su, ka faɗi gyararriyar jimlar da ƙarfi sau biyar, sannan ka sake ɗaukar bidiyon kan batu ɗaya. In ka ce duk goman za ka kama a lokaci guda, za ka koma mai tsoron buɗe baki, ka ga an koma gidan jiya.

Akwai wata dabara ta sakin harshe da ake kira 4/3/2. Wani malamin harshe, Keith Maurice, ne ya fito da ita a 1983, masanin koyar da harshe Paul Nation kuma ya gwada ta a 1989 ya ga saurin magana yana ƙaruwa, inda-inda tana raguwa. Labari ɗaya za ka ba da sau uku: cikin minti huɗu, sannan uku, sannan biyu, ba tare da ka zubar da muhimman abubuwan ba. A aji ana sauya mai sauraro kowane zagaye. A gida kyamara ce mai sauraron, kuma ba ta gundura. In kai sabon shiga ne ka mayar da shi minti biyu, ɗaya da rabi, ɗaya. Sai dai a tawa fahimtar tana da illa guda. Gaggawa ba ta gyara kuskure, ƙara kafa shi take yi. Abin da na faɗa ba daidai ba a zagayen farko, shi nake maimaitawa a na uku, da sauri ma. Saboda haka tsakanin zagaye na ɗaya da na biyu nakan tsaya in kalla in gyara, sannan in ci gaba.

Abin da ido ke ji

Ga inda kyamara ta yi wa na'urar ɗaukar murya fintinkau. A 1976 wasu masu bincike biyu, Harry McGurk da John MacDonald, sun ɗora sautin "ba" a kan hoton bakin da ke faɗin "ga". Mutane da yawa da suka kalla sai suka ce "da" suka ji. Da sun rufe ido sai su ji "ba" ɗin. Ashe ido ma yana da hannu a cikin ji, kuma yadda leɓenka ke motsi yana taimaka wa mai kallonka ya gane ka ko ya ruɗe.

Mu da muka tashi da Hausa muna da tamu matsalar a leɓe. Harafin f namu da leɓe biyu yawancinmu ke yin sa, wani lokaci ya karkata zuwa p, wani lokaci zuwa h, kuma ma'ana ba ta canzawa. A Faransanci da Turanci kuwa p da f da v sautuka uku ne mabambanta. A Faransanci pou kwarkwata ce, fou mahaukaci, vous kuma "ku" na girmamawa. Ka ga mutum garin girmama wani yana iya kiransa mahaukaci. Kunnena ya daɗe yana rantse mini cewa ina bambanta su. Da na matso da bakina kusa da kyamara na faɗi ukun a jere, na kashe sauti na kalla, ni kaina ban iya gane wanne ne wanne ba, duk leɓe biyu ke haɗuwa. Gyaran kuwa ana ganinsa ƙuru-ƙuru: a p leɓe biyu su rufe ruf sannan su buɗe, a f da v haƙoran sama su sauka kan leɓen ƙasa. In ba ka ga farin haƙori a kan leɓe a bidiyon ba, ba ka yi f ba, ko me kunnenka ya ce.

Haka wasalin u na Faransanci, wanda ya raba rue, titi, da roue, taya. Harshe yana inda yake in za ka ce "i", leɓe kuma a zumɓure kamar za ka ce "u". Ka fara da "iii" mai tsawo, ka riƙe harshen a nan, ka zumɓuro baki sannu a hankali kana kallon kanka. Mai koyon Turanci zai yi haka da th, mai koyon Larabci da haruffan da ake fito da kan harshe tsakanin haƙora.

Hanyar da ta fi yi mini aiki ita ce raba allo biyu. Gefe guda bidiyon ɗan asalin harshen da ke magana yana fuskantar kyamara, irin masu karanta labarai, ɗaya gefen kuma ni. A YouTube ana iya rage gudun bidiyo zuwa 0.75. Jimla ɗaya nake ɗauka, ba ta wuce daƙiƙa biyar ba, in saurara, in maimaita, sannan in bi shi a guje muna faɗa tare, ina kwaikwayon bakinsa da hawa da saukar muryarsa. Minti goma a nan muƙamuƙi zai yi tsami. Tsamin alama ce cewa wasu tsokoki da suke barci sun farka.

Sai a nemo mutum

Kyamara ba ta katse ka, ba ta yi maka tambayar da ba ka shirya mata ba, ba ta ɗaure fuska in ba ta gane ba. Don haka dole daga baya a nemi ɗan Adam.

Tsarin da na bi shi ne wanda ake kira tandem, sunan keken nan mai sirdi biyu. Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne: kana koyon harshensa, yana koyon naka, ku raba lokaci biyu daidai. A shekarun 1990 Jami'ar Ruhr da ke Bochum a Jamus ta jagoranci haɗa ɗalibai ta imel a kan wannan tsari, daga baya a Brazil jami'ar UNESP ta mayar da shi ta kyamara da sunan Teletandem. Yau manhajoji irin su Tandem da HelloTalk suna haɗa mutane, italki da Preply kuma malamai ne na biya. Kada ka raina abin da ke hannunka. Ana koyar da Hausa a cibiyar koyar da harsuna ta INALCO da ke Paris da Jami'ar Warsaw a Poland da wasu wurare, kuma ɗaliban can yunwar mai magana suke yi kamar yadda kake yi.

Nawa abokin wani ɗalibi ne Bafaranshe mai koyon Hausa. Malam yake ce mini, ko da yake na sha gaya masa rabin lokacin ni ne ɗalibinsa. Mun fara a Skype, wadda ta fito tun 2003, kafin Microsoft ta rufe ta a Mayun 2025. Yanzu Zoom muke amfani da ita, kuma iyakar minti 40 da ta sa wa masu amfani kyauta ta zame mana alheri: gaisuwa minti biyu, Faransanci 18, Hausa 18, sallama. Ka sa agogo mai ƙara. In ba haka ba harshen da ya fi muku sauƙi zai cinye ɗayan ba tare da kowa ya yi niyya ba. Kuma a rabin kowane harshe, shi kaɗai za a yi, ko da za a koma nuni da hannu.

Tun ranar farko ku yi yarjejeniya kan gyara. Wasu suna son a tare su nan take, wasu in ka tare su sau biyu sun yi shiru ke nan. Mu abin da muka tsayar shi ne, ba a katse mai magana sai in ba a gane shi ba. Sauran kurakurai mai sauraro ya riƙa rubuta su a akwatin saƙo na gefe, kada su wuce biyar, a duba su a minti uku na ƙarshe. Sannan kowa ya zo da abu a hannu. Hirar "ya aiki, ya gida" takan ƙare a mako na biyu. Kawo hoto, kawo wani abu daga ɗakinka ka ɗaga wa kyamara ka yi bayaninsa, ko ku buɗe taswira a allo ɗaya ya yi wa ɗaya kwatance. In ka ɗaga rubutu ka ga ya juye a naka allon, kada ka damu, kai kaɗai ake nuna wa kamar madubi, shi daidai yake gani.

Wata rana ya ce yana son gaya mini cewa ya yi baƙi, sai ya ce ya yi "baki". Na faɗa masa ƙ sau goma, yana maimaita k. Da na rasa yadda zan yi sai na ɗaga haɓa, na matso da wuyana gaban kyamara, na ce ya kalli maƙogwarona. A ƙ maƙogwaro yana harbawa sama, a ɓ da ɗ yana yin ƙasa. Ni kaina ban taɓa lura ba sai ran nan. Ya dafa nasa wuyan da yatsa biyu, ya gwada, ya gwada, can sai ga ƙ ta fito tas kamar an ɓalle kwalba. Ya yi ta faɗin ƙafa, ƙofa, ƙasa yana dariya. A wayar murya zalla da har yanzu muna nan.

Akwai abu biyu da kiran bidiyo ke yi wa hira da ya kamata ka sani, don kada ka ɗora wa kanka laifin na'ura. Na farko jinkiri. Masu binciken da suka auna hira a harsuna goma a 2009 sun samu cewa tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa, a matsakaici, kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ce. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, tana ba da shawarar kada jinkirin murya daga wannan gefe zuwa wancan ya wuce milisakan 150, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa, in ana son hira ta tafi sumul. Intanet mai rauni yakan wuce haka, sai ku riƙa karo, kowa ya fara tare, kowa ya yi shiru tare. Maganinsa, in ka gama magana ka nuna ka gama, ko da tambaya ko da miƙa hannu, kuma ka ƙara haƙurin daƙiƙa ɗaya kafin ka karɓa. Na biyu, ɗan hotonka da ke kusurwar allo. Jeremy Bailenson na Jami'ar Stanford ya lissafa yawan kallon kai cikin abubuwan da ke gajiyar da mutane a taron bidiyo, a 2021. Lokacin atisayen kaɗaici kallon kanka shi ne aikin. Lokacin hira da mutum kuwa ka ɓoye hoton, manhajojin suna da wurin yin haka, ka bar hankalinka a kan bakin abokinka.

In intanet ya yi nauyi, rage ingancin hoto kafin ka kashe shi gaba ɗaya, ka rufe sauran shafuka da duk abin da ke saukar da fayil a ɓoye. Zoom ta ce kiran mutum biyu yana buƙatar kimanin 600kbps hawa da sauka, wanda in ka lissafa ya haura rabin gigabayit a awa guda. Mai lallaɓa data zai iya buɗe kyamara a wurin gyaran furuci kawai. Wata mafitar kuma ita ce musayar gajerun bidiyo: ka ɗauki minti ɗaya ka tura, ya kalla sanda ya samu sarari ya maido da nasa. Wannan yana kuma magance bambancin lokaci, wanda ya taɓa cin mu. Ƙasashen Tarayyar Turai suna tura agogo gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, su dawo da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Inda nake ba a taɓa agogo. Ran nan na shigo a kan lokacina na tarar da saƙonsa cewa ya jira Malam rabin awa ya haƙura.

In malamin biya ka ɗauka, ka tuna bakinka ka zo motsawa. Nemi izini ka ɗauki darasi ɗaya, ka ƙirga minti nawa ka yi magana, nawa ya yi. In nasa ya fi naka, gaya masa cikin ladabi. In bai canza ba, canza shi.

Maganar izini kuwa ba ta wasa ba ce. Kada ka ɗauki hoton kowa ko muryarsa bai sani ba, a ƙasashe da dama ma laifi ne a doka, kuma abin da ka ɗauka da izini kada ya bar kwamfutarka. Kai ma ka ɗauka cewa duk abin da ka yi gaban kyamara ana iya ajiye shi. Duba bayanka kafin ka buɗe: takarda mai adireshi, hoton iyali, ƙofar da wani zai iya giftawa bai shirya ba. Da sabon mutum ka fara da rubutu da saƙon murya a cikin manhajar, kada ka yi saurin ba da lambar waya. Wanda ya fara kawo maganar kuɗi, ko soyayya a mako na farko, ko ya ce ka nuna abin da bai shafi harshe ba, ko kullum tasa kyamarar "ta lalace" amma yana son taka a buɗe, toshe shi ba sai ka yi sallama ba. Yaro kuwa kada a bar shi da baƙo a kyamara ba babba a kusa. In an gama, mayar da 'yar takardar nan kan idon kyamara.

Minti goma na bayan kira kada ka yar da su. Kafin ka tashi, kwafe gyare-gyaren da ke akwatin saƙo, domin wasu manhajojin da an rufe kira sun tafi da su. Sai ka buɗe kyamara kai kaɗai ka sake ba da labarin da ka ba shi ɗazu, wannan karon da gyaran a ciki.

Ni minti goma sha biyar nake yi kullum ni kaɗai, da kira ɗaya a mako. Kowane fayil sunansa kwanan watan da aka ɗauke shi, shekara a gaba, sai wata, sai rana, don su jeru da kansu. Yawanci nakan goge su bayan mako guda, ban da na ranar ɗaya ga wata. A wannan ranar batu ɗaya nake maimaitawa tun farko, wato in gabatar da kaina in faɗi aikina cikin minti biyu. Kwanan baya na buɗe na farkon na ajiye shi gefe da na wata na takwas. A na farko na ƙirga tsayawa goma sha ɗaya, ido a silin, kuma abin da zan faɗa ya ƙare tun minti ɗaya da daƙiƙa goma, sauran lokacin ina ta gyaran wuyan riga. A na takwas agogo ne ya katse ni a tsakiyar jimla. Haƙoran sama suna sauka kan leɓe a vous ba tare da na tuna musu ba. Sai dai r ɗin Faransanci, wadda ake yi can cikin maƙoshi, har yanzu da kan harshe nake kaɗa ta, kuma ita kyamara ba ta hango can ciki. Abokina ya ce mako mai zuwa shi ma zai ɗaga haɓa ya matso da nasa wuyan.